Ƙungiyar Ƙwallon da Aka Kafa Don Tallar Karnuka

A watan Yunin 1922 wani ɗan kasuwa mai suna Walter Lingo ya ajiye dala 100, aka ba shi gurbi a babbar gasar ƙwallon Amurka da ake kira NFL. A lokacin, kare ɗaya daga cikin waɗanda yake sayarwa yakan kai dala 150. Gurbin da a yau sai mai biliyoyin daloli ke iya tunkararsa, Lingo ya same shi a kuɗin da bai kai na kare guda ba. Kuma saboda karnukan ya saye shi.

Ƙungiyar da ya kafa ita ce Oorang Indians. Mazauninta LaRue, wani ɗan ƙauye a jihar Ohio mai mutane kimanin 750, wanda har yau shi ne mafi ƙanƙanta cikin duk garuruwan da suka taɓa mallakar ƙungiya a NFL. 'Yan wasanta kaf 'yan asalin ƙasar Amurka ne, jikokin mutanen da Turawa suka tarar a nahiyar suka laƙaba musu suna Indiyawa. Kocinta kuma tauraronta shi ne Jim Thorpe, wanda a zamaninsa ake ganin babu ɗan wasa kamarsa a duniya. Kaka biyu kacal ta yi, 1922 da 1923. Ta buga wasa 20 na gasar, ta ci 4, aka doke ta a 16, sannan ta watse.

Wanda ya tsaya ga alƙaluman nan zai ce tarkacen ƙungiya ce, ya wuce abinsa. Sai dai ba don cin wasa aka tara mutanen ba tun farko, kuma su da kansu sun san haka.

Wasan dai ya fi kusa da zari-ruga fiye da ƙwallon ƙafar da aka saba gani. Ƙwallon doguwa ce mai tsini gaba da baya, kuma hannu ya fi ƙafa aiki a kanta. Kowane ɓangare mutum 11 ne, a fili mai tsawon yadi 100 da aka zane da layuka a kwance. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya matsa gaba yadi 10, ko ta hanyar gudu da ita ko ta jefa wa ɗan'uwa. In ya yi nasara a sabunta masa damar, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen filin abokan hamayya ya samu maki 6. Aikin masu tsaron gida shi ne su maka mai ƙwallo da ƙasa kafin ya kai. A shekarun 1920 babu hula mai tauri da ke kare fuska irin ta yanzu. Hular fata ce, wasu ma ba sa sawa, kuma mutum ɗaya shi ne mai kai hari shi ne mai tsaro, tun daga busa usur har a tashi.

Gasar ita ma jaririya ce a lokacin. An kafa ta a 1920 a garin Canton na jihar Ohio, a cikin shagon wani dillalin motoci mai suna Ralph Hay, aka naɗa Thorpe shugabanta na farko don sunansa ya jawo mata 'yan kallo. Sai a 1922 ta ɗauki sunan NFL. Ƙwallon jami'o'i ake girmamawa a wancan zamani, masu buga wasa don kuɗi kuwa ana yi musu kallon 'yan ci-rani. Ƙungiyoyi suna tsirowa suna mutuwa kowace shekara. Cikin 18 da suka buga kakar 1922, uku ne kawai suka kawo yau: Bears, Cardinals da Packers. Da yawansu kamfanoni ne suka haife su. Chicago Bears ta faro ne a matsayin ƙungiyar ma'aikatan kamfanin sitati na Staley a garin Decatur, Packers ta samo sunanta daga kamfanin gwangwanin nama, Columbus Panhandles kuma ma'aikatan jirgin ƙasa ne. Saboda haka ɗan kasuwa ya liƙa sunan hajarsa a rigar 'yan ƙwallo ba baƙon abu ba ne. Abin da ya bambanta Lingo shi ne, a wurinsa hajar ce gaba, ƙwallo na biye.

Hajar tasa wani nau'in kare ne da ake kira Airedale, wanda asalinsa daga kwarin kogin Aire ne a yankin Yorkshire na Ingila. Kare ne mai kaushin gashi da ƙarfin hali, har sojojin Birtaniya sun yi amfani da shi wajen kai saƙo a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Lingo ya yi ta haɗa iri har ya fitar da nasa samfurin, wanda ya fi na asali girma, ya sa masa suna Oorang, yana tallarsa a matsayin karen farauta da gadi. Ba a gida ɗaya yake kiwon su duka ba. Yakan rarraba matan karnukan ga manoman yankin su riƙe, in sun haihu ya karɓi 'yan kwikwiyon, ya horar, ya loda a jirgin ƙasa zuwa ga wanda ya aiko da oda ta gidan waya. Dubban karnuka ne suke fita daga LaRue a shekara. Yana da mujallarsa ta talla mai suna Oorang Comments, kuma ya iya jawo fitattun mutane jikinsa, irin su zakaran dambe Jack Dempsey da ɗan wasan besbol Ty Cobb, don a riƙa haɗa sunansu da karnukansa. Zamani ma ya taimake shi. Shugaban ƙasa na lokacin, Warren Harding, ɗan garin Marion ne, hedikwatar gundumar da LaRue take ciki, kuma yana da karen Airedale a Fadar White House mai suna Laddie Boy, wanda jaridu ba sa gajiya da labarinsa. Ba daga hannun Lingo karen ya fito ba, amma ya sa kowa yana son irinsa.

Lingo yana da wata sha'awar kuma, ta Indiyawan Amurka. Ya ɗauka cewa akwai wata baiwa ta sanin dawa da dabbobi a jininsu, wadda in aka haɗa ta da karnukansa za ta burge masu saye. Yankin da yake zaune a dā ƙasar ƙabilar Wyandot ce, waɗanda gwamnati ta kwashe daga Ohio a 1843 ta kai su yamma. Wato mutanen da yake sha'awa an riga an kore su daga ƙofar gidansa shekara tamanin kafin nan, sai dai ya nemo su daga nesa. A wajen wata farauta da ya gayyaci Thorpe da abokinsa Pete Calac aka ƙulla maganar: Thorpe zai tara 'yan wasa Indiyawa zalla, ya horar da su, ya sa ido a kan gidan karnuka, a riƙa biyansa dala 500 a mako.

Thorpe ɗan ƙabilar Sac da Fox ne, an haife shi a 1887 a yankin da ya zama jihar Oklahoma. Sunansa na gida Wa-Tho-Huk. A gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, babban birnin Suwidin, ya ci zinare a gasar wasanni biyar da ta wasanni goma, waɗanda suka haɗa gudu da tsalle da jifa. Shekara ɗaya bayan haka aka ƙwace lambobin, saboda wata jarida ta tono cewa ya taɓa buga besbol don 'yan kuɗi kaɗan a North Carolina a 1909 da 1910, alhali dokar Olamfik ta lokacin ta haramta wa mai karɓar kuɗi shiga. Ɗaliban jami'a fararen fata da yawa suna yin haka a lokacin hutu, amma da sunan bogi. Thorpe da sunansa na gaskiya ya buga. Daga nan ya rungumi wasa don kuɗi gadan-gadan, ya buga besbol a New York Giants, ya jagoranci Canton Bulldogs a ƙwallo. Lokacin da Lingo ya zo masa da tayi yana da shekara 35, jiki ya fara nauyi, kuma dala 500 a mako ba kuɗin da ake juya wa baya ba ne.

Inda ya nemo 'yan wasan shi ne inda labarin ya fi ciwo. Da yawansu tsofaffin ɗaliban makarantun kwana ne da gwamnatin Amurka ta kafa don 'ya'yan Indiyawa, musamman ta Carlisle a jihar Pennsylvania, wadda Thorpe ya yi, da ta Haskell a Kansas. Wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, shi ya buɗe Carlisle a 1879 a wani tsohon barikin soja, da manufar da bai ɓoye ba: a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaro domin a mai da shi irin mutumin da Bature ya yarda da shi. Yaro na isa za a aske masa doguwar sumarsa, a tuɓe masa kayan gida a sa masa yunifom, a canza masa suna, a hana shi magana da harshen uwarsa. Yara fiye da 180 aka binne a maƙabartar makarantar, nesa da iyayensu. A wannan makaranta ce ƙwallo ta zama hanyar da yaran suke nuna wa ƙasar ko su wane ne. A ƙarƙashin koci Pop Warner sun riƙa doke manyan jami'o'i da dabaru da sauri. A 1912 suka lallasa makarantar hafsoshin soja ta West Point da ci 27 da 6, kuma cikin waɗanda suka sha kashi ranar har da Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. An rufe Carlisle a 1918.

Shekara huɗu bayan rufe ta, ga waɗannan mutane a LaRue, ana biyansu su sa hular gashin mikiya, su shafa fenti a fuska, su yi rawar yaƙi gaban 'yan kallo. Abin da aka yi musu bulala a kansa suna yara, shi ne yanzu aka sa wa farashi.

Ba ƙabila ɗaya ba ne. Akwai Chippewa, akwai Cherokee, akwai Mohawk da Winnebago da wasu, kowa da harshensa da al'adarsa, Turancin makaranta ne ya haɗa su. Amma a takardar talla duk Indiyawa ne, kuma sunayen da ake bugawa su ne masu jan ido: Big Bear, Dead Eye, Gray Horse, Eagle Feather, Joe Little Twig. Nick Lassa, wani ƙaƙƙarfa mai tsaron gaba, an san shi da Long Time Sleep saboda wahalar tashinsa daga barci. A cikinsu akwai gwanaye na haƙiƙa. Joe Guyon, ɗan Chippewa daga Minnesota, ya yi fice a Carlisle da jami'ar Georgia Tech. Calac ma ya buga tare da Thorpe a Canton. Wasu kuma sun daɗe da barin fili, wasu ba su taɓa buga wasa a wannan mataki ba.

Rayuwarsu a LaRue ba ta 'yan ƙwallo ba ce. Da rana suna aikin gidan karnuka: ciyarwa, horarwa, harhaɗa akwatunan katako da ake tura karnukan a ciki. Da dare sukan bi karnuka farauta. Atisayen ƙwallo yana samun abin da ya rage na lokaci. Ƙauyen ba shi da filin wasa, don haka in za a yi wasan gida sai an tafi Marion, kuma Lingo bai damu da wasan gida ba, tunda mutanen yankinsa sun riga sun san karnukansa. Kusan duk wasanninsu a garin wasu suka buga, mako bayan mako a jirgin ƙasa, mutane da karnuka da dabbar beyar.

Abin da 'yan kallo suke biyan kuɗi su gani yana zuwa ne kafin wasa da lokacin hutun rabin lokaci. A sauran filaye hutun nan na shan iska ne, 'yan wasa su zauna su huta. 'Yan Oorang kuwa sai su sauya kaya su dawo fili. Za a saki karnuka su bi sawu, su kora beyar ta hau itace. Za a yi harbin gwaninta, karnuka su ɗauko abin da aka harbo. Za a yi jifa da wuƙa da ƙananan gatura, a yi rawa da ganguna. Wani lokaci Lassa ya shiga kokawa da beyar. Akwai ma wasan kwaikwayon fagen yaƙi, inda ake nuna karnuka suna kai wa sojan da ya ji rauni bandeji. Daga nan a koma rabi na biyu da mutanen da ba su huta ba. Duk wanda ya taɓa ganin gardi ya tara jama'a da kura a bakin kasuwa, sai da taro ya cika sannan ya kwance jakar magani, ya san tsarin. Masu tarihin wasan suna lissafa wannan cikin farkon shagulgulan rabin lokaci a NFL, al'adar da a yau ta kai manyan mawaƙan duniya suna rububin hawa dandali a wasan ƙarshe na Super Bowl.

A fili kuwa, kakar 1922 ta fara da duka. Dayton Triangles ta ci su 36 da nema a ranar 1 ga Oktoba. Mako guda bayan haka, a Marion, gaban mutanensu, suka doke Columbus Panhandles 20 da 6. Sai Canton, wadda ta ɗauki kofin shekarar, ta ci su 14 da nema, wanda ba abin kunya ba ne. Na kunyar shi ne na Akron, 62 da nema. Thorpe yakan tsaya gefe a matsayin koci, in ya shiga ma da wuya ya wuce rabin wasa. Sun rufe kakar da nasara biyu a jere, 19 da 7 a kan Buffalo, 18 da 6 a kan Columbus. Jimilla sun ci 3, an ci su 6, sun zuba maki 69, an zuba musu 190.

Akwai wasa ɗaya na wannan kaka da ya cancanci a tsaya a kansa. A watan Nuwamba suka je Milwaukee, Badgers ta doke su 13 da nema, kuma mutum ɗaya ne ya kai ƙwallo gida sau biyun: Paul Robeson, baƙar fata, ɗan wani limamin coci da ya tsere daga bauta yana saurayi. Robeson yana buga ƙwallo ne don ya biya kuɗin karatun lauya a jami'ar Columbia. Daga baya ya zama mawaƙi da ɗan fim da duniya ta sani, kuma shi ma ya ɗanɗana irin abin da 'yan Oorang suka ɗanɗana. A 1935 ya fito a matsayin basarake a fim ɗin Sanders of the River, wanda aka gina labarinsa a Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka. Da ya ga yadda aka tace fim ɗin ya koma yabon Turawan mulki, sai ya nesanta kansa da shi. A ranar Milwaukee dai, gasar tana da wuri ga baƙi da Indiyawa. Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta.

Kakar 1923 ta fi muni nesa ba kusa ba. A wasanni shida na farko maki 2 kacal suka samu. Buffalo, wadda suka doke bara, ta rama da 57 da nema. Daga baya Canton ta ƙara musu 41.

Wasa na shida shi ne wanda tarihi ya fi riƙewa. Ranar 4 ga Nuwamba, a Chicago, ana ruwa, fili ya zama taɓo. 'Yan Oorang sun turo ƙwallo har saura yadi 2 su shiga gidan Bears, aka miƙa wa Thorpe ya ƙarasa. Aka yi karo, ƙwallo ta suɓuce masa. George Halas, wanda shi ne mai ƙungiyar Bears, shi ne kocinta, kuma ɗan wasanta, ya sure ta ya juya da gudu. Thorpe ya bi shi. Halas ya san in ya miƙe sak za a kama shi, ya kuma san yadda Thorpe yake kayar da mutum, don haka ya riƙa karkacewa dama da hagu cikin caɓi har ya cinye yadi 98 ya faɗa gidan Oorang. Ba a karya wannan tarihi ba sai a 1972, lokacin da Jack Tatum na Oakland Raiders ya yi yadi 104. Bears ta ci wasan 26 da nema.

Sai a wasanni biyu na ƙarshe suka farfaɗo. Chicago Cardinals ta sha da ƙyar, 22 da 19. A watan Disamba suka je Louisville suka doke Brecks 19 da nema. Wannan ce nasararsu ɗaya tilo a kakar, kuma wasansu na ƙarshe a duniya. An zuba musu maki 257 a shekarar, su sun zuba 50.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalilin faɗuwar. Mutanen da ba su da filin gida, ba su da isasshen atisaye, ba su da hutun rabin lokaci, ana zaɓen su ne bisa jini ba bisa gwaninta ba, kuma mai gidansu ba ya tambayar sakamako, ba za su doke Canton ba. Akwai kuma shaye-shaye da raba dare, wanda jaridun zamanin suka fi son bugawa. Ana ba da labarin cewa a St. Louis sun ɗaga taragon da ke bin titi suka juya shi ya fuskanci inda za su, a Chicago kuma suka cusa mai mashaya cikin akurkin tarho saboda ya ce zai rufe. Leon Boutwell, ɗan Chippewa da ya buga wa ƙungiyar, ya yi bayanin wannan daga baya ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce fararen fata sun ɗauka su mutanen daji ne, alhali kusan dukkansu sun yi karatu mai zurfi, don haka su ma suka mai da wannan zato hujjar yin abin da suka ga dama, tunda abin da ake jira daga gare su ke nan.

Maganar Boutwell ta isa ta hana a ɗauke su a matsayin bayin Allah da aka yaudara. Sun san abin da ake saye a wurinsu, sun sayar, sun karɓi kuɗinsu a zamanin da ƙofofin aiki kaɗan ne a buɗe ga Ba'indiye. Lingo ma ba a san shi da cutar su ba, kuma abotarsa da Thorpe ta wuce rayuwar ƙungiyar. Laifin ya fi girman mutum ɗaya. Ƙasar da take cika fili don ganin rawar Ba'indiye ita ce ba ta amince da dubun-dubatar Indiyawa a matsayin 'yan ƙasa ba, duk da cewa kimanin 12,000 daga cikinsu sun sa kakin sojanta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai a ranar 2 ga Yunin 1924 Shugaba Calvin Coolidge ya sa hannu a dokar da ta ba duk Ba'indiyen da aka haifa a Amurka 'yancin zama ɗan ƙasa, watanni shida bayan wasan Louisville. Ko bayan nan, jihohin Arizona da New Mexico ba su bar su sun jefa ƙuri'a ba sai 1948.

Mutuwar ƙungiyar ba ta zo da hayaniya ba. Wanda ya ga kokawa da beyar bara ba lallai ya sake biya bana ba, balle ga wasan da an san wanda zai ci tun kafin a fara. 'Yan kallo suka ragu, Lingo ya ga tallar ta gama aikinta, bai sake tura ƙungiya fili a 1924 ba. Kasuwar karnukan ta ci gaba da garawa har zuwa karyewar tattalin arziki ta 1929, wadda ta mai da kare mai tsada kayan da ba kowa ke waiwaya ba.

'Yan wasan suka bazu. Thorpe da Guyon suka koma Rock Island Independents. Guyon ya ɗauki kofin NFL da New York Giants a 1927, wanda ya nuna abin da zai iya in yana cikin ƙungiyar da ke nufin cin wasa. Thorpe ya sake jagorantar wata tawagar Indiyawa mai yawo gari-gari a ƙarshen shekarun 1920, wannan karon ta ƙwallon kwando, mai suna World Famous Indians, ita ma da sunan LaRue. Ya buga wasansa na ƙarshe a NFL a 1928 yana da shekara 41. Daga nan rayuwa ta yi masa tsanani: leburanci, gadi, da ƙananan fitowa a finafinan Hollywood, sau da yawa a matsayin sarkin Indiyawa mai hular gashin tsuntsu. A 1950 'yan jaridar wasanni suka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Amurka na rabin ƙarni. Ya rasu a California a watan Maris na 1953 ba shi da komai, aka binne shi a wani gari a Pennsylvania da bai taɓa takawa ba, wanda ya ɗauki sunansa da fatan jawo baƙi.

Karramawar ta zo a makare. Da aka buɗe zauren tunawa da gwarzayen wasan a Canton a 1963, Thorpe yana cikin rukunin farko, Guyon ya bi shi a 1966. Ƙungiyar da ta ci wasa 4 cikin 20 tana da mutum biyu a wannan zaure. Kwamitin Olamfik na duniya ya mai da wa Thorpe matsayinsa a 1982, amma a matsayin wanda ya raba zinaren da wasu. Sai a watan Yulin 2022, shekara 110 bayan Stockholm, aka rubuta sunansa shi kaɗai.

Gashin mikiya da fentin fuska kuwa ba su bar filayen Amurka da tafiyar 'yan Oorang ba. Sun koma kan 'yan kallo da tambarin ƙungiyoyin da babu Ba'indiye a cikinsu, ƙungiyoyin Indiyawa suka shafe shekaru suna ƙorafi a kai. A 2020 ƙungiyar birnin Washington ta ajiye sunan Redskins, wanda Indiyawa da yawa suke ɗauka zagi, ta koma Commanders a 2022. A 2020 ɗin dai Kansas City Chiefs ta hana magoya bayanta shiga fili da hular gashin tsuntsu. A jihar Ohio kanta, ƙungiyar besbol ta Cleveland, wadda ta amsa sunan Indians tun 1915, ta fara buga wasa da sunan Guardians a kakar 2022.